Kalangun Shata da Ƙwaryar Barmani: Abin da Takarda Ba Ta Iya Ɗauka

Ƙasar Maska ƙasar noma ce. Daga Funtua zuwa Bakori da Ɗanja, har maƙwabtanta Ƙafur da Malumfashi, abin da ido ke gani da damina shi ne masara da dawa da waken soya, sai ragowar gonakin audugar da ta yi wa yankin suna tun zamanin Turawa. Audugar ce ta ba da ƙarfin shimfiɗa layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtua ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda. Ita ta kawo injin gurza, daga baya ta kawo masaƙa, har Funtua ta bunƙasa ta shafe tsohon garin Maska, Sarkin Maska ma ya koma Funtuan da zama. Inda kuwa kuɗin kaka ke zagayawa, ga fatake ga direbobi ga leburori ga baƙi daga ko'ina, nan makaɗi ke sauke kayansa. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne garin ya riƙe biyu daga cikin manyan muryoyin ƙasar Hausa na ƙarni na 20: Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa da ya mai da Funtua gida, da Hajiya Sa'adatu Barmani Choge, haifaffiyar ƙasar.

Dukansu sun riga mu gidan gaskiya, Shata ranar 18 ga Yuni 1999, Barmani a watan Maris na 2013. Allah ya jiƙan su. Ba kuma za a ce malaman jami'a sun yi musu rowa ba. Tun 1975 Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero, ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka a kan matsayin mawaƙin baka a cikin al'umma, kuma Shata ne ya ɗauka misali. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta rataya wa Shata digirin girmamawa, mutumin da mahaifinsa ya so hana shi waƙa domin ba gadon gidansu ba ce. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da katafaren tarihinsa, Shata Ikon Allah! Farfesa Abdalla Uba Adamu kuma ya yi rubutu a kan Barmani da kiɗan amada. Kundayen ɗalibai a Zariya da Kano da Sakkwato da Katsina kuwa ba a magana.

Duk da haka, in ka zauna ka karanta yawancin kundayen nan sai ka ji kamar akwai abin da ya faɗi a hanya. Ga yadda aikin yake tafiya: ɗalibi ya samo kaset, ya saurara, ya rubuta kalmomin ɗiya bayan ɗiya, sannan ya kashe rediyo. Daga nan sai nazari ya koma kan takarda. A fito da jigo, a warware shi, a ƙirga kamance da siffantawa da karin magana, a nuna inda aka yi zuga da inda aka yi habaici ko zambo. Aiki ne mai amfani, kuma adalci ne a faɗa cewa Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, wanda littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka ya zama fitilar ɗalibai, ya tanadi gurbin kiɗa da rerawa da amshi a tsarin da ya shimfiɗa. Sai dai gurbin nan shi ne wanda ake cikewa da rabin shafi a wuce. Wanda bai taɓa jin Shata ba, in ya karanta irin wannan kundi, zai ɗauka wani marubucin waƙa ne mai yawan maimaita magana. Ba zai gane dalilin da ya sa dattijo mai furfura, yana zaune a shagonsa a kasuwar Funtua, zai ji tashin kalangu daga rediyon maƙwabci ya dakata da awo ba.

Abin da masu rok suka tarar

Wannan matsala ba tamu ce mu kaɗai ba, kuma waɗanda suka fi kokawa da ita su ne masu nazarin kiɗan rok a Turai da Amurka. Rok ya taso ne a Amurka a shekarun 1950, jikan kiɗan baƙaƙen fata na kudancin ƙasar, ya gauraya da waƙoƙin coci da na Turawan karkara. Kayansa jita mai lantarki da ganguna da murya mai tsaga. Chuck Berry da Little Richard da Elvis Presley suka buɗe fage, samarin Ingila irin su Beatles da Rolling Stones suka karɓa suka watsa shi duniya. Amma shekara da shekaru sassan falsafa na jami'o'i ba su ɗauke shi abin a tsaya a kai ba. Ma'aunin kyau da suka gada daga Immanuel Kant, da kuma Eduard Hanslick wanda ya rubuta littafinsa kan kyawun kiɗa a 1854, ma'auni ne da aka ƙera domin kiɗan da ake rubutawa a takarda, a zauna shiru a babban zaure a saurara da ƙwaƙwalwa. A wannan ma'auni kyau yana cikin tsari: yadda farko ya haifi tsakiya, tsakiya ta kai ga ƙarshe. In ka ɗora waƙar rok a kansa sai ta fito fanko, 'yan sautuka uku ko huɗu ana ta juya su.

Wanda ya fi kowa tsananta hukunci shi ne Bajamushen nan Theodor Adorno. A wata maƙala da ya fitar a 1941, kafin ma a haifi rok, ya ce waƙoƙin yayi kayan masana'anta ne: ƙira ɗaya ce ake ta bugawa, a ɗan sauya mata fenti domin mai saye ya ɗauka sabuwa ce, kuma aikinta shi ne ta lallashi ma'aikaci ya manta gajiyarsa ya koma bakin aiki gobe ba tare da ya yi tambaya ba.

A shekarun 1990 aka sami masana falsafa da suka ce ma'aunin ne bai dace ba. A 1993 Bruce Baugh ya rubuta cewa kyawun rok ba a tsari yake ba, a jikin sautin yake: nauyin bugun ganga, yadda mai jita ke lanƙwasa sauti guda ya sa shi kuka, kaushin murya, har da ƙarar kanta wadda ake ji a ƙirji kafin kunne. Alƙalin wannan kiɗa, in ji shi, jiki ne. Wanda ya ji yadda Jimi Hendrix ya kaɗa taken Amurka a taron Woodstock na 1969, ya cika shi da rugugi da kururuwa a daidai lokacin da ake yaƙin Biyetnam, ya san babu takardar da za ta iya ɗaukar abin da ya faru a wurin. A 1996 kuma Theodore Gracyk ya fitar da littafinsa Rhythm and Noise, inda ya kawo wata hujjar: a rok, ainihin aikin fasaha shi ne faifan da aka naɗa. Beatles sun daina yawon wasa a gaban jama'a a 1966, suka shige ɗakin naɗa sauti, shekara mai zuwa suka fito da faifan da aka gina shi hawa-hawa, abin da ba a taɓa kaɗa shi gaba ɗaya a zama guda ba. A 1996 ɗin ne dai Simon Frith ya fitar da Performing Rites, yana cewa gardamar da masu sauraro ke yi kullum kan wa ya fi wa, ita kanta nazarin kyau ce, kuma malami ya kamata ya saurare ta.

Ni a ganina waɗannan tambayoyi sun fi dacewa da Funtua fiye da yadda masu su suka taɓa zato.

Kalangu da murya

Ɗauki maganar Baugh ka kai ta gaban kalangu. Ganga ce mai baki biyu da siririn ƙugu, an ɗaure fatun da tsarkiya, makaɗi ya rataya ta a hammata. In ya matse, sauti ya hau. In ya saki, ya sauka. Hausa kuwa harshe ne mai hawa da saukar murya, saboda haka kalangu yana iya bin karin magana har mai sauraro ya tsinci suna ko kirari ba tare da an buɗe baki ba. Asalinsa kiɗan mahauta ne da na 'yan mata a dandali, ba kiɗan fada ba ne irin kotso ko taushi. Da wannan gangar ta talakawa Shata ya shiga fadar Daura da ta Kano, ya waƙe sojoji lokacin yaƙin basasa, ya waƙe direbobi da 'yan kasuwa, har kumbon Apollo 11 da ya sauka a wata a 1969. Zaɓen kayan kiɗan kansa magana ce, kuma magana ce da ba ta fitowa a rubutu.

Sai kuma muryar. Ba irin muryar da ake ce wa zaƙi ce da Shata ba. Murya ce mai faɗi, mai ɗan kaushi, ta mutumin da ba ya gaggawa. Gwanintarsa tana wajen lokaci: yakan bar amshi ya zagayo, ya yi kamar ba zai shiga ba, sai ya faɗo a bayan bugu da kalma guda wadda za ta sa fili ya ɗauki sowa. Yakan ja suna ya tsawaita shi har 'yan amshi su kusa cim masa, sannan ya sake shi. Amshin da ɗalibi ke rubutawa sau ɗaya ya sa alamar maimaici, a kunne ba maimaici ba ne. Na farko gabatarwa ne, na goma ya zama ƙasar da mai waƙa ke takawa, na talatin kuwa ya riga ya shiga jikin mai sauraro, kafaɗa na motsi ba da izininsa ba. Wannan shi ne abin da mutanenmu ke nufi in sun ce kiɗa ya ratsa su, ko wasa ya yi armashi, ko makaɗa sun kai. In suka ce wane yana da murya amma ba shi da azanci, ko yana da azanci amma kiɗansa ba ya tashi, hukunci suke yankewa mai sharuɗɗa, kuma sun san sharuɗɗan. Gardamar da ake yi a teburin mai shayi ko a tashar mota, ko Shata ya kai Narambaɗa zurfin magana, ko Ɗanƙwairo ya fi su daɗin amshi, ita ce irin gardamar da Frith ya ce a saurara. Mu kuwa mukan ɗauke ta hira.

Maganar Gracyk kuwa, a nan ne Shata ya bijire, kuma bijirewar ta fi yarda koyarwa. Sananne ne cewa Shata ba ya zama ya tsara waƙa a gida ya haddace. A fili yake yin ta, gwargwadon wanda ke zaune da abin da ya faru a ranar. Shi kansa bai san adadin waƙoƙinsa ba. Bakandamiyarsa ma ba guda ɗaya ba ce a kaset: akwai naɗi daban-daban, kowanne da abin da ya shigo da abin da ya fita. To wacce ce Bakandamiyar? A wurin Beatles faifan shi ne aikin, wasa a fili kwaikwayonsa ne. A wurin Shata wasan shi ne aikin, faifan kuwa sawu ne da ya bari a hanya. Amma ga inda abin ya juya: yaron da aka haifa a Malumfashi bayan 1999 bai san wani Shata ba sai na cikin waya. A wurinsa naɗin nan guda, da tarin da aka yi a cikinsa da kukan lasifika, shi ne waƙar, in aka kawo masa wani naɗin sai ya ce ba ita ba ce. Mutuwa da na'ura sun mai da Shata irin abin da Gracyk ya siffanta. Wannan tambaya ce ta falsafa tsantsa, mece ce waƙa, a ina take zaune, kuma a ƙofar gidanmu take.

Ƙwarya a tsakar gida

Lamarin Barmani ya fi tsanani, domin ita takarda ba rage ta kawai take yi ba, har kunyata ta take yi. Kiɗan amada kiɗan mata ne na cikin gida, na biki da suna: ƙore a kife, wasu a ƙasa wasu a kan ruwa, ana bugu, mata sun kewaye, babu namiji sai wanda ya zama dole. A wannan fili Barmani ta yi waƙar kishi da haihuwa, ta zuga mata su kama sana'a, ta yi wa malalaciya dariya, ta kuma yi maganar jikin mace ba tare da sunkuyar da kai ba. In aka kwashe kalmomin aka zuba a shafi, wani zai karanta ya ce batsa ce, wani ya ce wa'azin neman na kai ne. Dukansu sun kuskure wurin. Abin da ke faruwa a tsakar gidan shi ne matan da suka wuni suna kawaici, gaban miji da suruka da kishiya, sun sami awa biyu da jikinsu ya zama nasu. Dariyar da ke cikin muryar Barmani, da yadda take jefa magana ta bar ƙwarya ta ƙarasa, da guɗar da ke tsinke baiti a tsakiya, su ne ma'anar. Wanda zai yi nazarinta da gaske dole ya yi nazarin rawa, ya kuma tambayi matan da suka yi ta.

Fiyano, da hukuncin Adorno

Yanzu zamani ya sauya. Tun ƙarshen shekarun 1990, da finafinan Kano suka kankama, fiyano ya maye gurbin makaɗa, sai kwamfuta ta zo ta haɗiye fiyanon. Mawaƙi ɗaya da mai haɗa sauti ɗaya a ƙaramin ɗaki sun isa. Yankin nan bai fita daga fagen ba: Dauda Kahutu Rarara, wanda waƙoƙinsa na siyasa suka cika ƙasa a zaɓen 2015, daga Kahutu yake a ƙaramar hukumar Ɗanja. Kiɗansa na na'ura ne, amma aikin da yake yi, wasa gwani da taɓa abokin hamayya, tsohon aikin makaɗan ƙasar Hausa ne da M. G. Smith ya bayyana tun 1957 a nazarinsa kan roƙo.

Dattawa da yawa, ba tare da sun taɓa jin sunan Adorno ba, hukuncinsa suke yankewa: duk waƙoƙin yanzu ɗaya ne, cire sunan wannan ka sa na wancan. Ba zan ce babu gaskiya a ciki ba. Akwai waƙoƙin da ake bugawa kamar bulo, kiɗa guda a sayar wa mutum biyar. Amma hukuncin jimla hukuncin wanda bai saurara ba ne. Yarinyar da ke tura waƙa daga waya zuwa waya ta san wadda za ta riƙe da wadda za ta goge, kuma in ka tambaye ta za ta ba ka dalili. Muryar da na'ura ta gyara har ta yi santsi tana ƙyalli, wadda dattijo ke ji kamar ta aljanu, ita wani abu take ji a ciki. Kafin a yanke mata hukunci ya kamata a san mene ne.

Akwai ma abin da zai sa mu yi hattara. Mdou Moctar, Ba'abzine daga jihar Tawa a Nijar, wanda yau ake lissafa shi cikin gwanayen jitar rok na duniya, faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da irin gyaran muryar nan na waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka bi katin waya suka ratsa Sahara, har wani Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds ya tsince su ya saka ɗaya a wani tarin waƙoƙi da ya fitar. A 2021 faifansa Afrique Victime ya sha yabo a manyan jaridun Turai da Amurka. Salon da muke rainawa a gida yana cikin tushen abin da ake tafa wa a waje.

Tsakanin daɗi da dacewa

Ba a maganar kiɗa a ƙasar Hausa a tsallake addini, kuma bai kamata a tsallake ba. Sai dai a san cewa tambayar tsohuwa ce, manya kuma sun tauna ta. Aflatun ya so a hana wasu karin kiɗa a birninsa na misali domin yana ganin suna sassauta zuciyar samari. Alfarabi, wanda ya rasu wajen shekarar 950, ya rubuta babban littafi a kan kiɗa da yadda sauti ke aiki a rai. Imam Gazali ya keɓe babi guda a Ihya'u kan sauraro, inda ya tafi a kan cewa sauti yana motsa abin da ya tarar a zuciya ne, don haka hukunci na duba mai ji da wuri da lokaci. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki shagalin kaɗe-kaɗen fadojin sarakunan Hausa, a rubuce-rubucensa na daga baya kuma ya kawo saɓanin malamai a kan mas'alar, kamar yadda Veit Erlmann ya bibiya a littafinsa na 1986. Shata kansa ya tsaya a tsakiyar wannan saɓani: bakin da ya yi waƙar mashaya shi ne ya yi yabon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma jama'a sun riƙe duka biyun. Ko abu zai iya yin daɗi alhali bai dace ba, ko daɗin kansa yana rage laifi ko ƙara shi yake yi, tambayoyi ne da mai sauraro Bahaushe ke fama da su a zuciyarsa kullum. Kundin da ya tsaya kan ƙirga adon harshe ba ya ko kusantar su.

Abin da ke damuna shi ne lokaci. Kiɗan gayya, inda makaɗi ke bin manoma kunya-kunya yana zuga su da taken kowa, ya ja baya tun da maganin feshi da aikin kuɗi suka karɓe noma. Rashin tsaron da ya addabi Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara ya kashe dandali da wasan dare a ƙauyuka da dama. Makaɗan da suka rataya kalangu a bayan Shata da matan da suka buga ƙwarya tare da Barmani, waɗanda suka rage, tsufa ya kama su. Su ne suka san yadda ake gane mai waƙa zai juya tun bai juya ba, da abin da ake yi in fili ya yi sanyi. Tsofaffin naɗe-naɗen da ke ajiye a gidajen rediyo da talabijin na Kaduna da Kano da Katsina kuma zare ne, zare kuwa yana ruɓewa. Ɗalibin da zai rubuta kundi na gaba a kan Shata ko Barmani, kafin ya buɗe littafin kowa, ya hau mota ya sauka Funtua, ya nemi mutanen nan, ya kunna musu naɗi biyu na waƙa ɗaya, ya tambaye su wanne ya fi da kuma dalili. Sashen da zai duba aikin nasa kuma ya yarda ya karɓi sauti da hoto a matsayin hujja, daidai da yadda yake karɓar shafi.